Mutuminmu Bai Tsallake Ba

Zuwa ga Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Yaya karatu, yaya zaman baƙunta? Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙata, tunda rabona da kai tun kana yaro mai tsoron ƙarar keken ɗinki. Ni ce Yayarka Tela, jikar Kaka. Kakarka ƙanwarsa ce, kar ka tsaya dogon lissafin dangi. Goggo mahaifiyarka ce ta aiko mana da adireshinka, ta kuma ce bayan darasi kana taya wani dattijo tsaron shagon tsofaffin littattafai. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

Mutanen gida duk lafiya. Kaka yana ci yana sha, bakinsa na nan da kaifinsa, amma yanar ido ta rufe masa ido biyu. Haske da duhu kawai yake bambancewa. Likita ya ce aikin ba mai wuya ba ne, shi kuwa ya ce ba mai sa masa wuƙa a ido yana da rai. Wai mutumin da ya raba wasiƙun gari da ƙafarsa bai buƙatar ido kafin ya gane hanyar banɗaki. Kullum yana zaune a kujerarsa ta kusurwar shagona, kusa da kwandon ƙyallaye, yana sa baki a cinikin da ba nasa ba.

Ga maganar. Tun yana saurayi, sabon shiga gidan waya, ya faɗo daga keken aiki ya karya ƙafa. A asibiti maƙwabcin gadonsa ya ara masa wani littafi na Turanci. Ya kai wajen rabi sai aka sallami mutumin, ya tafi da kayansa. Tun daga ranar Kaka bai sake ganin littafin ba, kuma bai daina maganarsa ba. Babu matar da ta kawo mini ɗinki da ba ta ji labarin ba.

Bai san sunan littafin ba, don bangon a yage yake. Ga abin da ya riƙe. A ciki, babban yaƙin nan da aka koya mana a makaranta ya ƙare a juye: waɗanda suka faɗi su ne suka ci, duk saboda wani saƙo da ya makara a hanya. Akwai wani mai zana taswira da aka sa ya ja sababbin iyakoki, sai layin da ya ja da hannunsa ya raba shi da ƙaninsa. Ya bar aiki ya kama hanya, ya iso bakin wani kogi. Nan Kaka ya tsaya, nan mai taswira ya tsaya.

Ka tambayi maigidanka ko ya san shi. Ni kaina yanzu abin ya shiga raina. Ina so in san ko mutuminmu ya tsallake.

Yayarka,
Tela

*

Yaya Tela,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki ina lafiya, sai mura da ta ƙi sakina tun da na zo. Na yi murna ƙwarai. Ban manta da keken ba, kuma har yanzu ina ganin niyyar cizona yake da ita. Ki gaida Kawu da Inna, ki durƙusa mini gaban Kaka. Sunan Injiniya kuma ki ajiye shi tukuna, har yanzu bututun ruwa ɗaya ban haɗa ba sai a takarda.

Na karanta wa maigidana bayaninki yana kan tsani yana jera kaya. Ban kai ga kogin ba ya ce in dakata. Ya sauko, ya shiga can ciki inda ƙura ta fi yawa, ya fito da shi yana kaɗe shi da hannun riga. Ashe sanannen littafi ne, Yaya. Ya ce ana koyar da shi a jami'o'i, kuma duk masu rubuta irin labaran nan na "da a ce" daga bayansa suka biyo. Ya yi mamakin yadda ban taɓa jin sa ba, ya dube ni kamar na ce ban san ruwa ba.

Da na gaya masa labarin Kaka sai ya ce in kai masa kyauta. Kwafi ɗaya tak ne a shagon, don haka gabatarwa da babin farko kawai na samu na leƙa kafin in naɗe shi. Zai iso tare da wannan wasiƙar. Ki yi hankali da shi, ɗinkin bayansa ya saki, amma wannan ai fanninki ne.

Abin da nake so ki rubuto mini shi ne yadda fuskar Kaka za ta yi idan ya ji layin farko. Zai gane shi? Mutum yana iya riƙe rabin littafi a kansa tsawon rayuwa bai zube ba? Ni abin da na karanta a watan jiya ma sai na sake dubawa.

Kuma me ya sa wannan littafin, ban da duk sauran? Ki tambaye shi. Maigidana ya ce wai saboda masinja ne ya juya duniya a ciki, shi kuma Kaka masinja ne. Ni ina ganin akwai abin da ya fi haka.

Ƙaninki

*

Ƙanina,

Gaisuwa da fatan murar ta sake ka. Mu nan lafiya, sai aiki da ya yi mini yawa, shi ya sa ka ji ni shiru. Littafi ya iso. Na ɗinke bayansa da baƙin zare mai ƙarfi, ba zai sake saki ba.

Ka tambayi fuskar Kaka. Ya karɓa, ya auna nauyinsa a tafi, ya shinshina. Na fara karantawa, ban gama layi na biyu ba ya ƙarasa mini shi da ka. Daga nan kuma ya kama gyara mini Turanci har na ce ko ya bar ni ko in koma kan keke.

Kullum da yamma, idan masu kawo ɗinki sun ragu, nakan karanta masa babi ɗaya. To a nan ne zan gaya maka gaskiya, kar ka gaya wa maigidanka. Littafin nan ba shi ne wanda Kaka yake ba mu labari ba. Shi ɗin ne, amma ramamme. Kaka ya sha gaya mana yadda aka canza kan sarkin da ake liƙa wa wasiƙa a ƙasashen da aka ci, da yadda wasiƙu suka taru a buhuna a bakin sabuwar iyaka ba mai karɓa. Na yi ta jiran wurin. Da muka zo, rabin layi ne. Matar mai taswira, wadda a bakin Kaka take da faɗa da dariya har na san muryarta, a littafi shayi kawai take zubawa ta fita. Duk matan ciki haka suke, daga mai zuba shayi sai mai kuka a taga. An ce duniya ta juye, amma ba a gaya mini ko rigunan mutane sun canza ba, ko wane harshe yara ke zagi da shi a titi. Sai hafsoshi a dogon teburi suna magana, shafi bayan shafi.

Sau biyu Kaka ya ce na tsallake shafi. Na sa yatsansa a kan lambobin, ko da yake ba gani yake ba. Ya ce to, wataƙila bugun ne daban.

Na yi masa tambayarka. Ya ce ba maganar masinja ba ce. Wai yana kwance da ƙafa a ɗaure, yana tunanin da bai kauce wa akuyar da ta shigo gabansa ba da yanzu yana kan titi, sai ga littafin da ya ɗauki wannan ƙaramin tunanin ya ɗora wa duniya gaba ɗaya. Bai taɓa sanin an yarda mutum ya yi irin wannan tambayar a rubuce ba.

Yanzu babban labari. Shekaranjiya muka iso bakin kogi. Mai taswira yana tsaye, sojoji a bayansa, ƙaninsa a wancan ƙetaren. Na juya shafi sai Kaka ya ɗora hannu a kan littafin.

"Tsaya nan. Daga nan da idona."

Na ce wane idon? Ya ce in je in gaya wa likitan nan mai sanyin hannu ya wasa wuƙarsa. Abin da Baba da Inna suka yi shekaru suna roƙo, littafinka ya yi shi a yamma ɗaya. An sa mana rana a wata mai kamawa, idon dama za a fara.

Ya sa na yi alkawari ba zan leƙa ba. Littafin yana cikin jakata don kar yara su taɓa, kuma ina jin nauyinsa duk inda na je. Ka ga abin mamaki: littafin bai burge ni ba, amma na ƙagu in san yadda mutuminmu zai yi da kogin nan.

Yayarka

*

Yaya Tela,

Ina gaisuwa. Mura ta tafi, jarrabawa ta zo, ban san wadda ta fi ba. Ki yi haƙuri da gajeriyar wasiƙa, a ɗakin karatu nake rubuta ta, littafin lissafi a buɗe gefe yana hararata.

Na yi dariyar matan shayi har mai kula da ɗakin ya ɗago kai. Amma bari in ɗan kare marubucin. Maigidana ya ce ƙarfin littafin ba a mutanensa yake ba, a tambayarsa yake. Kafin shi mutane sun ɗauka abin da ya faru dole ne ya faru. Shi ne ya nuna cewa tarihi kamar ruwa yake a bututu, ƙaramin murfi ɗaya ka juya sai ya bi wata unguwa. Wannan misalin nawa ne, ba na maigida ba. Wataƙila wanda ya fara buɗe hanya ba ya samun lokacin share ta. Ko kuwa dai Kaka ne ya yi shekaru yana yi wa littafin ƙiba da kansa? Wannan ya fi ba ni sha'awa. Ina so in ji nasa bugun daga farko har ƙarshe.

Akwai kwafi a ɗakin karatun makaranta, amma na hana kaina har sai an gama jarrabawa. Kuma bai dace in riga Kaka ba.

Maganar aikin ido ta faranta mini rai, ta kuma hana ni sakewa. Umma ta taɓa gaya mini yana da hawan jini. Kin gaya wa likita? Allurar barci za su yi masa ko ta kashe wurin kawai? Wani abokin karatuna kakansa ya shiga ƙaramin aiki irin wannan bai farka ba, tun da na ji labarin yake dawo mini. Na san ba a faɗin irin wannan, amma ke kaɗai zan iya gaya wa. Ni na aiko da littafin da ya sa shi yarda.

Ki kula mana da mutuminmu. Ranar da aka yi, ki rubuto mini ko layi biyu ne.

Ƙaninki

*

Ƙanina,

Gaisuwa a gurguje, da fatan kana lafiya. Daga bencin asibiti nake rubuto maka, da fensirin wata nas. Ka ce ko layi biyu ne.

Da safe aka shiga da Kaka. Jiran ya yi mini tsawo, Baba ya fita neman magani, ni kaɗai. Na kasa daurewa. Na karya alkawari, na leƙa.

Mutuminmu bai tsallake ba. Ya mutu, haka nan kawai, ba sallama ba komai, su kuwa manyan suna ta maganarsu kamar ba a yi ba. Duk shekarun nan na jira, a ce nan abin zai ƙare? Ban san ta yadda zan fara gaya wa kowa ba.

Ga nas tana kirana. Zan ba wani yaro ya jefa wannan a akwati. Sauran bayani daga baya.

Tela

*

Yaya Tela,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A kan matakalar masauki na buɗe wasiƙarki, a nan na zauna har maƙwabcin ɗakina ya zo ya ɗaga ni. Allah ya jiƙan Kaka, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba ki haƙuri, ya ba Kawu da Inna. Ke kika zauna da shi, ke kika gani da idonki. Ban san yadda kika iya riƙe fensiri ba.

Nan take na rubuta wa Umma. Na san za ta kamo hanya da zarar ta karanta, kawunta ne na ƙarshe. Ni ba zan samu zuwa ba sai an rufe makaranta, wannan ma wani ciwon ne.

Abin da kika ce game da likitocin, suna maganarsu kamar ba a yi ba, ya tsaya mini a rai. Amma kar ki riƙe su a rai, lokaci ne ya yi.

Ban san shi sosai ba, Yaya, sai ta bakinki da bakin Umma. Amma a 'yan watannin nan ya zama mini kamar wanda muke kwana gida ɗaya. Mutumin da ya riƙe tambaya ɗaya tun yana saurayi bai bar ta ta mutu ba. Mutumin da aka ba rabin labari ya ciyar da unguwa guda da shi. Umma takan ce ko ana ruwa ko ana rana bai taɓa komawa gida da wasiƙar wani a jaka ba. Ta ce yana da taurin kai kamar ƙofar da ta sha damina, amma ba a taɓa zuwa wurinsa a koma da kuka ba.

Ina ta cewa da ban samo littafin ba da yana kujerarsa. Na san haramun ne irin wannan tunanin, ina istigfari, amma yana dawowa. Ba zan buɗe kwafin makaranta ba. Tunda shi bai ga ƙarshen ba, ni ma na haƙura.

Ki ajiye kujerar a inda take.

Ƙaninki

*

Kai Ƙanina,

Kafin gaisuwa: Kaka yana da rai. Yana nan zaune gabana yana cin gyaɗa, yana kuma cewa in gaishe da mai ta'aziyya. Sake karantawa. Yana da rai, aiki ya yi kyau, idon dama yana gani.

Yanzu gaisuwa. Ina fatan kana lafiya, in kuwa na sa maka ciwo ka yafe mini. Mai taswira nake nufi! Littafin na leƙa, ba ɗakin tiyata ba. Na nemo abin da na rubuta a kaina na jujjuya, sai na ga yadda ka karanta shi. Laifina ne. Na ce sauran bayani daga baya, sai jinya da ɗigon magani da aikin da ya taru suka cinye ni, ban sake rubutawa ba.

Bari in ba ka labari daga farko. Da aka cire bandeji, abin da ya fara cewa shi ne likitan yaro ne ashe. Sannan ya dube ni ya daɗe, ya ce na tsufa ban gaya masa ba. A shago ya yi ta zagaye yana taɓa yadudduka yana faɗin launinsu ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan aji ɗaya. Ya ce bangon da na shafa wa shuɗi ya yi muni. Likita ya hana shi karatu sai ido ya huta an ba shi tabarau, don haka littafin ya ci gaba da zama a jakata, ni kuma ina ta kauce wa kallonsa.

Ranar da ya karɓo tabarau, ranar wasiƙarka ta iso. Yana bakin ƙofa, mai raba wasiƙu ya miƙa masa. Ya karanta adireshin da kansa, ya yaba kan sarkin, ya ce rubutun jikan ƙanwarsa ne, da shi zai buɗe ido. Ina durƙushe ina auna wata mata, bakina cike da allurai, ban iya hana shi ba.

Da ƙarfi ya karanta, a hankali, yana bin layi da yatsa. Da ya ce Allah ya jiƙan Kaka sai matar ta ce amin, sannan ta dube shi ta saki ihu. Shi kuwa bai tsaya ba. Ya karanta har ƙarshe. Wurin ƙofar da ta sha damina ya maimaita shi sau biyu, ya yi dariya har na ji tsoron ɗinkin idon. Wurin da ka ce ya ciyar da unguwa da rabin labari kuwa bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya goge.

Sai ya ninke takardar ya ce, "To, ni dai ga ni. Wa ya mutu?"

Ka san shi, ba a yi masa kwana. Na tofar da allurai na gaya masa. Na ce na leƙa, na ce mai taswira bai tsallake ba. Na zaci zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya koma kujerarsa ya zauna yana kallon titi har aka kira magariba, ko gyaɗarsa bai taɓa ba. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari da hantsi sai ga Goggo. Ta sauko daga mota da jaka, idanu a kumbure, tun daga bakin layi take kuka. Ta ɗaga labulen shago ta gan shi yana sa zare a allurata don gwada ido. Jakar ta faɗi, ita ma ta bi ta. Sai da muka yayyafa mata ruwa. Da ta farfaɗo ta rasa ko ta yi dariya ko ta nemo ka ta dake ka, sai ta kama ƙafafunsa tana dariya tana yi maka faɗa. Shi kuma ya ɗago fuskarta da hannu ya ƙura mata ido. Rabonsa da ganinta da ido tun tana amarya. Ya ce, "Ga ƙanwata ta dawo." Ashe kamannin Kakarka ya gani a fuskarta.

Tana nan har yanzu, ya hana ta tafiya. Da safe su yi ta hirar mutanen da suka shuɗe, da yamma ya ɗauki littafin. Eh, ya karanta. Ya ce sanin mutum ya mutu daban, zuwa jana'izarsa daban. Yana karantawa yana tsaki, wani lokaci ya rufe ya buga shi a gwiwa. Ra'ayina ka riga ka sani. Nasa kuwa ya ce ba zai ba ni saƙo ba, tunda an ga yadda nake isar da saƙo. Da hannunsa zai rubuto maka. Ga ta nan a cikin ambulan ɗin.

Yayarka mai neman gafara,
Tela

*

Jikana,

Gaisuwa daga marigayi. Ina lafiya. Ina fatan kai ma haka, kuma ka ci jarrabawarka. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun ya manta hanya, layin yana gangarawa kamar mai neman ruwa.

Na gode da ta'aziyya. Ba kowa ke samun karanta tasa ba. Na sa a ƙarƙashin matashi. In lokacin ya yi na gaskiya ba sai ka sake wahala ba, a fito da wannan.

Ka daina cewa da ba ka samo littafin ba. Da ba ka samo shi ba da ban ga uwarka ba.

Yanzu littafi. Na gama. Ka gaya wa maigidanka na gode, kuma ka gaya masa ban ji daɗinsa ba. Mutumin nan ya samu tambayar da ta fi kowace tambaya, ya je ya kashe ta a ɗakin taro. Bayan kogi babu komai sai hafsoshi. Wannan ya yi wa wancan makirci, wancan ya yi jawabi. Mai taswira kuwa, wani magatakarda ne ya karanto sunansa cikin waɗanda aka tsinta a bakin ruwa, aka wuce zuwa magana ta gaba. Ƙaninsa ko labari bai samu ba. A duniyar da saƙo ɗaya ya juya, ba a samu mai kai wa mutum ɗaya saƙon mutuwar ɗan'uwansa ba.

Na yarda abubuwa da yawa ni na ƙara. Yarinyar nan ba ta tsallake shafi ba. Ina tafe da jaka a titi ina ƙara masa nama ban sani ba. Kuma duk shekara nakan tsallakar da shi ta wata hanya. Wata shekara a kwalekwale, wata a ƙarƙashin buhunan wasiƙu, wata ya sa rigar soja ya bi ta gada yana fito. Ban taɓa barinsa ya nutse ba. Kwana biyun nan ina jin kamar na rasa abokin aiki.

Amma abu ɗaya ya hana ni jefar da shi. Me ya sa ya kashe shi haka? Mantawa ya yi da shi, ko gajiya, ko kuwa da gangan ne, yana nufin haka manya ke yi da irinmu? In da gangan ne to ya fi ni wayo, kuma har yanzu ban yafe ba. Ka karanta kwafin makarantarku, na sake ka daga rantsuwarka, ka gaya mini yadda ka gani. Ka tambayi maigidanka ko marubucin yana da rai. In yana nan ka samo mini adireshinsa, na san yadda ake sa wasiƙa ta isa.

Na gaya wa likita ya shirya wa idon hagu. Ka aiko da wani littafin, amma ka fara karanta shi har ƙarshe, kuma kar ka ba Yayarka ajiya.

Sannan ka je wurin mai hoto. Uwarka ta ce kana da hancin gidanmu, Tela ta ce ƙarya ne. Lokacin da aka kawo ka nan idona ya riga ya fara rufewa, inuwa kawai na gani tana ɓuya bayan ƙofa. Ka sa a yi shi babba, ka tsaya inda haske yake. Ina so in ga wanda ya yi mini kuka.

Kakanka